Jan Fentin Baba

Asabar, 6 ga Mayu

Na saye shi! Wallahi na saye shi. Jirgin ruwa, nawa na kaina.

Fari ne, na roba mai tauri, irin na masu fita shan iska. Ya daɗe kwance kan tsofaffin tayoyi a bayan gidan wata mata a Ramla. Mijinta ne ya taho da shi daga Italiya, ya rasu bai more shi ba. Har kaji sun yi ƙwai ƙarƙashin kujerar direba. Ni ba farinsa ya ja ni ba, bayansa ne. Akwai wani ɗan dandali shimfiɗe, tsayinsa daidai da gadar tasharmu ta Ataya. Mutum mai sanda zai taka ya shiga da kansa, ba sai an ɗauke shi ba.

Saboda Baba ne. Tun da ƙugunsa ya karye bai sake ganin sharfiyarsa ba, gonarsa ta kamun kifi a cikin teku da ya gada wurin kakanmu. Sau ɗaya aka gwada saka shi a faluka, kwalekwalen katako na abokinsa Am Jilani. Maza huɗu suka cicciɓe shi kamar buhun gari a gaban mutanen tasha, ya rantse ba za a ƙara ba. Baba fa, Rais Shazli guda, jagoran masunta! Daga ranar ko hanyar tasha ba ya bi. To ni na yi alkawari a raina: ranar da za a kafa sababbin rassan dabino a sharfiya bana, in zafi ya wuce, yana wurin.

Mijina Munsif ya ce, "Matan mutane in sun ajiye aiki keken ɗinki suke saye. Tawa ta sayo akurkin kaji mai sitiyari." Na ce ya jira ranar da zai roƙe ni in ɗana shi.

Lahadi, 7 ga Mayu

Na nuna wa Baba hoton a waya. Ya ce, "Wannan ai bahon wanka ne. Jirgi katako ne, 'yata." Amma bai miƙo mini wayar ba sai da shayinsa ya huce.

Laraba, 10 ga Mayu

Si Lutfi makanike ya zo ya duba. Injin na cikin jirgin, lafiyarsa ƙalau, tari biyu ya yi ya tashi. Matsalar a ƙafa take. Ashe irin wannan jirgin ba kamar falukokinmu ba ne. Wata ƙafar ƙarfe ce a maƙale a bayansa daga waje, ita ke riƙe da farfela, ita ke juya jirgin, kuma ana iya ɗaga ta in an zo inda ruwa ba zurfi. Da na ji wannan na kusa taka rawa, don rabin tekun tsibirinmu na Karkana ai iya ciki yake.

Sai ya goge hannu ya fara yi mini ta'aziyya. "Lalla Munjiya, kamfanin da ke ƙera wannan ƙafar ya daina tun kina amarya. Akwatin giyarta ya tsage. Robar wuyan nan ta ruɓe, in ta fashe kina tsakiyar teku sai dai kalmar shahada."

Na ce a ina ake samun su.

Ya ce, "A lahira, wurin mai jirgin."

Bai san ni ba. Tsawon aikina na jinya a asibitin tsibirin nan, sau nawa aka ce magani kaza babu shi a ƙasar, na tono shi? Ba a ce mini babu in koma gida in zauna.

Asabar, 20 ga Mayu

Na ƙetara birnin Safakis, zuwa kasuwar tsofaffin ƙarafa ta bayan tashar jiragen ruwa. Na zana ramukan kusoshin ƙafar a kan kwali na tafi da shi. Kowane shago a yi mini dariya, a ba ni shayi, a tura ni shagon gaba. Wani ya so ya cusa mini ta wani kamfani. "Hajja, duk ƙafa ƙafa ce." Na ɗora kwalina a kai, ko rami ɗaya bai dace ba, na ce ya sa wa jirgin surukarsa.

Abin daɗin, duk tsohon makaniken da ya gane ta sai idonsa ya yi haske. Wani ya ce irin wannan ba ta mutuwa sai an kashe ta, amma ranar da ta kwanta mai ita ya shiga uku. Na dawo a jirgin fito na yamma da baƙin hannu da lambar wayar wani mutum a Jarjis.

Alhamis, 25 ga Mayu

Mutumin Jarjis ba ya ɗaga waya. Bai san wa ke kiransa ba.

Lahadi, 4 ga Yuni

Ta samu! Ta samu, cikakkiya, daga wuya har farfela!

Na bi mutumin Jarjis har gida. Da can yana ba baƙin otal hayar jirage. Da harkar ta mutu ya rataye ƙafar a ɗakin da yake ajiye man zaitun ya manta da ita. Maiƙo ya lulluɓe ta, ko ɗigon tsatsa babu. Na juya farfela da hannu, ta juya sumul. Na ɗora kwalina, ramuka suka zauna daram. Sai da na fita waje na sha iska don kada ya ga fuskata ya tsawwala.

Duk da haka ya ja mini rai. Wai ta tuna masa ƙuruciya. Na ba shi labarin Baba, sai ya ce in ƙara masa da busasshen kifin Karkana in an fara kamu. Na ce har da kwandon.

Direban motar haya ya ce ba za ta shiga bayan mota ba, za ta ɓata wa mutane kaya. Na biya mata kujera kusa da ni, na ɗaura mata bel. Wata tsohuwa ta yi ta leƙenta har Safakis, can ta ce, "Allah ya ba ta lafiya." Na ce amin.

Talata, 13 ga Yuni

Yau Baba ya ce wa Munsif ya kai shi filin gyara, wai zai ga irin ɓarnar da nake yi. An sa masa kujera a inuwa. Kafin azahar ya zama shugaban aiki. "Lutfi, haka ubanka ya koya maka riƙe sifana?" Si Lutfi ya ce, "Rais, wannan ba faluka ba ce." Ya ce, "Na gani. Faluka ba ta tara mutum uku a kan kusa ɗaya."

Ya sa aka matso masa da ƙafar, ya ƙwanƙwasa ta da sandarsa, ya ce ƙarfen tukunya ne, ba nauyi. Amma ya shafa ta da tafin hannu har sau biyu, na gani. Da rana ya cinye kwanon kuskus tas, abin da rabonsa da yi tun kafin ya faɗi.

Litinin, 26 ga Yuni

Ƙanena Fathi ya iso hutun Babbar Sallah daga Italiya. A can ma gyaran jiragen masu hali yake yi. Ya buɗe akwati, ga kofi, ga alewar yara, ga turaren matan gida, ni ko kallo. Sai ya zaro wani abu naɗe a tawul. Robar wuya, sabuwa fil, mai lanƙwasa kamar zugazugin maƙeri! Ya ce a shagon wani tsoho ya tono ta a ƙasan kanta, ita kaɗai ta rage, tsohon ma ya manta yana da ita.

"Yaya, ki riƙe ta kamar jariri. In ta yage babu ta biyu."

Na rungume shi har ya ce zan karya masa haƙarƙari. Shi da Si Lutfi za su ɗaura kafin ya koma.

Asabar, 8 ga Yuli

Fathi ya koma shekaranjiya, bai ga wannan ba, kaico. Mun tsoma ƙafar cikin duro cike da ruwa, Si Lutfi ya tayar da inji, ya ce in tura giya. Na tura. Farfela ta ɗauka, ruwan duron ya yi tsiri ya sauka kan Am Jilani daga hula har takalmi. Na rangaɗa guɗa a tsakiyar filin gyara, maza na kallona, ban damu ba. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Am Jilani yana matse riga yana cewa, "Shekaruna duka a teku ban jiƙe haka ba, sai a tudu."

Litinin, 10 ga Yuli

'Yata Sundus ta fara naƙuda a Safakis. Jirgi ya jira.

Lahadi, 23 ga Yuli

Mace aka samu, lafiya ƙalau, hancin Munsif ta kwaso, Allah sarki. Amma ba wannan zan rubuta ba.

Munsif ya tarye ni a jirgin fito yana wani murmushi. Maimakon gida sai ya nufi tasha. Ga jirgina a kan ruwa! Yana lilo a tsakanin falukoki, ƙasansa ja wur. Ga Baba a kan gada, a kan gadar da ya ƙaurace wa, zaune a kujera, hannuwansa ja har wuyan hannu.

A wurin masuntan nan jirgi ba ya taɓa ruwa sai an shafa masa jan fentin nan mai hana gansakuka da ƙananan halittu maƙalewa. Duk falukar tsibirin nan kowace shekara sai ta sha shi. Am Jilani da Si Lutfi suka shafe ƙasan jirgin. Ƙafar kuwa Baba ya ce ba mai taɓa ta sai shi, tun da daidai tsayin kujerarsa take. Ya kankare tsohon baƙin fentinta har ƙarfe ya fito yana ƙyalli, sannan ya shafa ja hawa uku. Ko 'yan ƙullutun farin ƙarfen da ke ɗaure a jikinta bai tsallake ba.

"Aikin Turawa ne, fenti kamar fatar albasa," in ji shi. "Yanzu ta zama 'yar gida."

Aikin hannunsa na farko ke nan tun da ya faɗi. Na juya baya na yi kamar ina duba igiya, don hawaye nake.

Laraba, 26 ga Yuli

Na tuƙa! Ni, Munjiya, kaka mai jika! Si Lutfi ya nuna mini sau ɗaya, na ce ya matsa. Da na tura mai hancin jirgin ya ɗaga, ɗankwalina ya tafi teku, ban ko waiwaya ba. Munsif ya ƙanƙame kujera yana salati. Da muka dawo ya ce gobe ma in akwai wuri. Na ce ya fara roƙo tukuna.

Juma'a, 11 ga Agusta

Na yi na yi Baba ya zo mu zaga ko bakin tasha ne, ya ƙi. "Ni ba baƙon otal ba ne. Rais ba ya fita teku sai da aiki. Ranar kafa rassa za ki gan ni." Taurin kai dai ba a ƙasa na tsince shi ba.

A nan kaɗai zan faɗa: na fara son jirgin nan don kaina. Da safe nakan fita ni kaɗai, in kashe inji a tsakiyar ruwa, ba mai kirana, ba mai neman allura ko abinci. Na koyi ɗaga ƙafa in zame ta kan ciyawar teku inda falukoki ke tsoro. Masunta sun daina dariya, yanzu hannu suke ɗaga mini.

Lahadi, 27 ga Agusta

Na kai matan unguwarmu iyo bayan tsibiri. Ihu da waƙa har maƙogwarona ya dishe. Ƙafar nan ko tari. Mutanen Safakis sun yi gaskiya.

Talata, 12 ga Satumba

An fara sare rassan dabino, tasha ta cika da tsibi-tsibi. Dattawa sun duba janyewar ruwa sun tsayar da Asabar ta ƙarshen wata. Baba ya sa an fito da tsohuwar rigarsa ta ulu ta zuwa teku an shanya, ko da yake zafi bai gama tafiya ba. Kullum sai ya tambaye ni ko na sayi mai.

Akwai wata 'yar ƙara a baya in na juya hagu. Wataƙila ciyawa ce.

Alhamis, 21 ga Satumba

Innalillahi.

Ƙarar ta ƙaru, Si Lutfi ya ce mu fito da jirgin tudu mu duba man giya. Ya kwance kusa, abin da ya zubo ba mai ba ne, fari ne kamar madara. Ruwan teku ya shiga. Sai na dubi ƙafar da kyau. Jan fentin duk ya yi bororo. Na danna ɗaya da farce ya fashe, farin gari ya zubo, ƙarƙashinsa rami. Ramuka ko'ina, kamar gara ta ci ƙofa. Kusa da farfela har ya huda.

Na kira Fathi ta bidiyo na nuna masa. Ya dafe kai ya yi ihu har abokan aikinsa suka leƙo. Ya ce jan fentin nan garin jan ƙarfe ne a cikinsa. A kan katako magani ne, a kan alminiyam cikin ruwan gishiri guba ne, cinye shi yake. Baƙin fentin da aka kankare shi ne rigarta. Ƙullutun farin ƙarfen kuma an ɗaura su ne don gishiri ya ci su ya bar ƙafar, to an rufe su da fenti.

"Wane jahili ne ya yi wannan aikin?"

Na ce, "Wanda ya haife ka."

Si Lutfi ya sunkuyar da kai, don shi ya riƙa miƙa burushi. Ba wanda ya sani. Duk gabar nan katako muka sani.

Fathi ya ce hanya biyu ce. Akwai mai walda a Safakis da zai iya cike ramukan a hankali cikin hunturu, in dai ba a sake tayar da ita ba, don haƙoran giyar ba su gama lalacewa ba. Ko kuwa a toshe da gam mai ƙarfe, a zuba sabon mai, a fita. Zai iya riƙewa wuni, zai iya saki kafin a bar tasha. In ya saki ana tafiya, giyar ta niƙe, shi ke nan, kuma ni na san babu wata.

Juma'a, 22 ga Satumba

Na tafi gidan Baba da maganata a baki. Kowa ya san ni, ba na tauna magana, likitoci ma sun sha. Na tarar da shi a tsakar gida yana gwada rigar ulun, tana yi masa yawa yanzu. Ya ce ya ji an fito da jirgi tudu.

Na ce, "Juyen mai ne kawai."

"Fentina fa? Ya riƙe?"

Na ce ya riƙe.

Na dawo na sa Munsif da Si Lutfi da Am Jilani sun yi rantsuwa. Am Jilani ya yi ta maimaita, "Ni na kawo gwangwanin, ni na kawo."

Lahadi, 24 ga Satumba

Ba na so in rasa ta. Ga gaskiyar. Na ɗauko ta daga Jarjis a kujera, na san kowace kusa a jikinta. Ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina da nake jin haushinsa. Yau har na tsara abin da zan ce: Baba, inji ya ƙi, sai baɗi in Allah ya kai mu.

Da la'asar na ga yadda ya hau matakala biyun ƙofar gida, ya tsaya yana neman numfashi. Na yi jinyar tsofaffi da yawa. Na san abin da baɗi ke nufi ga mai shekarunsa.

Laraba, 27 ga Satumba

Maulidi. Kowa na rabon asida gida-gida, ni da Si Lutfi muna durƙushe muna cusa gam a ramuka. Da ya bushe na karɓi ragowar fentin Am Jilani na shafa ja a kan facin da hannuna, don kada Baba ya hango in na ɗaga ƙafa. Si Lutfi ya ce, "Lalla, guba kike ƙara mata." Na ce ta riga ta ƙoshi.

Abin mamaki, tun da na yanke shawara zumuɗina ya dawo. Asabar!

Asabar, 30 ga Satumba

Ina zan fara?

Da hantsi tasha ta cika, falukoki sun yi lodin rassa har ba a ganin masu tuƙi. Munsif ya kawo Baba. Na matso da bayan jirgi ya manne da gada. Ya zo bakin dandalin ya tsaya, ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Kin shirya, 'yata?" Na ce tun watan Mayu. Ya sa sanda, ya taka, ya shiga. Da kansa, a gaban kowa! Wani ya ɗaga murya, "Rais ya dawo!" Tasha ta ɗauka. Bai ko waiwaya ba, sai gyara hula da ya yi.

Na tafi a hankali, kunnena duk yana baya. Shi kuwa hannu kawai yake nunawa, dama, hagu, bi ta bakin ciyawar can. Ko alama ɗaya bai manta ba. Da ruwa ya ragu na ɗaga ƙafa muka zame har tsakiyar sharfiya, inda falukar Am Jilani ba ta isa sai da gora. Baba ya ce, "Af, ashe bahon nan yana da dabara."

Maza suka diro ruwa iya ƙirji suna kafa rassa a jere, doguwar katangar da kifi zai bi har ya faɗa ɗakunan kwanduna. Baba ya miƙe ya riƙe gilashin gaba, muryar da na sani tun ina yarinya ta dawo. "Layin ya karkace! Ku bi ruwa, ba ku bi ni ba! Kai ɗan Salih, shinge kake yi ko tsintsiya?" Suna dariya suna gyarawa. Sai da suka tuge kusan rabin layi suka sake, kuma da ruwa ya juyo kowa ya ga gaskiyarsa.

Can ya ce a miƙo masa reshe ɗaya. Ya zauna a kan dandalin baya, ya naɗe wando, ya zura sawunsa cikin ruwa, ya kafa reshen cikin laka da hannu biyu yana bismilla. Sannan ya ɗebi ruwan ya wanke fuska, ya sake ɗiba, ya sake. Ni dai farin ciki kamar ƙirjina zai tsage.

An ci kuskus da kifi a kan jirage, ana miƙa kwano daga wannan zuwa wancan. Baba ya ci, ya yi gardama, ya ba da labarin guguwar da kowa ya ji sau ɗari.

A hanyar dawowa, muna hango hasumiyar masallacin Ataya, sai na ji ta. Ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Sai wari. Sai inji ya yi kuka shi kaɗai, jirgi ya tsaya cak. Na kashe. Na ɗauka zan yi kuka, ban yi ba. Am Jilani ya juyo da falukarsa ya jefo igiya ba tare da ya haɗa ido da ni ba. Haka aka jawo mu, Baba na zaune a kujerar gaba yana gyara masa hanya da ihu.

A gada ya sauka da kansa kamar yadda ya shiga. Mutane suka taru ana tambaya me ya faru. Ya buga sanda ya ce, "Ƙarfen Turawa ne, ba shi da ƙwari. Ba don na shafa mata fenti ba da ko zafin nan ba ta fitar ba."

Si Lutfi ya dube ni. Munsif ya dube ni. Am Jilani ya dubi sama.

Na ce, "Gaskiya ne, Baba."

Alhamis, 5 ga Oktoba

Si Lutfi ya buɗe ƙafar jiya. Haƙoran giya sun zama tsakuwa, ba abin ɗauka sai robar wuya. Na sa an jingine ta a bayan gida. Kifin farko ya fito daga sharfiya, na ware na mutumin Jarjis.

Yau da safe ina yi wa Baba aski a tsakar gida, ya sunkuyar da kai ina bin ƙeya. Sai ya ce, bai juyo ba, "In Fathi ya samo wata, ki sa mini kujerata nesa da ita."

Almakashi ya tsaya a hannuna.

Ban tambaye shi tun yaushe ya sani ba. Cikin Am Jilani ko ruwa ba ya riƙewa, da wuya a ce ya kai Asabar da rantsuwarsa. In haka ne, to lokacin da Baba ya tsaya a bakin dandali yana dubana ya san abin da fitar za ta ci mini. Ya sani, ya taka ya shiga. Mutumin da ko kofin ruwa ba ya yarda a miƙa masa, ya karɓi wannan daga hannuna.

Na ce, "Fentin jirgin naka ne, Rais. Ƙafa tawa."

Ya ce, "Kin bar gashi a bayan kunne."

Ban san me ya sa wannan ya fi ranar Asabar ɗin ma yi mini daɗi ba. Na ƙarasa askin.